Kwamfutar wasa ta miliyan biyu a Maraɗi: nazarin lamari

Lamarin da zan yi nazari a kansa ya shafi kwamfuta guda ɗaya da mai ita. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce irin waɗanda ake ƙerawa musamman domin manyan wasannin bidiyo, mai ita kuwa ƙanena ne, wanda ya saye ta a shekarar 2023 kuma da ita yake aiki har yau a nan Maraɗi. Gida ɗaya muke zaune, ƙofar ɗakinsa tana fuskantar tawa, saboda haka kusan duk abin da zan faɗa na gani da idona ko na ji da kunnena. Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta shi ne yawan samarin da ke sallama a ƙofar gidanmu suna neman shawararsa, kuma tambayarsu ba ta wuce biyu: nawa ya saye ta, kuma wane wasa take iya ɗauka. Tambayoyin da suka fi waɗannan nauyi, wato wace wuta za ta ci, a wane ɗaki za ta zauna, wa zai buɗe ta ranar da ta ƙi tashi, ban cika jin ana yin su ba, alhali su ne suka cinye mafi yawan kuɗinsa da hankalinsa bayan saye.

Ƙanen nawa ya karanci fannin gine-gine, sana'arsa kuma zana taswirar gidaje da shaguna ga masu gini. Maraɗi garin ƴan kasuwa ce, kuma alhazan da ke gini a sababbin unguwanni sun daina gamsuwa da taswirar takarda mai layi-layi. So suke a nuna musu gidan a tsaye, da fentinsa da tagoginsa da inuwar darbejiyar ƙofar gida, tun kafin a aza bulo na farko. Fitar da irin wannan hoto da manhajoji kamar SketchUp da Lumion da Blender aiki ne da ya dogara ƙwarai ga katin sarrafa hoto, tsohuwar kwamfutarsa kuwa takan kwana tana fama da hoto ɗaya. Wannan ita ce hujjar da ya kai gaban mahaifinmu. Akwai ta biyu da bai kai ba, ko da yake kowa a gidan ya san da ita: tun yana ɗan lakwal kuɗin kashewarsa a shagunan PlayStation yake ƙarewa, kuma burinsa ya daɗe na ya ga manyan wasanni yadda masu yin su suka nufa a gan su. Ba na ganin wannan buri abin kunya ne, kuma da babu shi da bai jure wahalar da ta biyo baya ba.

Yadda ta zo da abin da ke cikinta

Ya haɗa ajiyarsa, ya sayar da babur ɗinsa, na ranta masa abin da ya rage, sannan ya ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai saƙo. Da kuɗin ɗauko ta da na duwan, ta tsaya masa a kan miliyan biyu da ɗoriya na sefa, wanda a canjin sefa 655.957 kan kowane yuro ya haura yuro 3,000. Kamfanonin da ke ƙera wannan aji na kwamfuta sanannu ne, akwai ASUS da jerinsu na ROG, da Lenovo da Legion, da Dell da Alienware, da Acer da Predator, da MSI da Razer. Ba zan faɗi wanda ya ƙera tasa ba, domin abin da ya same ta zai iya samun kowace daga cikinsu a yanayi irin namu.

Fuskarta inci 16 ce, mai ɗigo 2560 a faɗi da 1600 a tsaye, tana iya sabunta hoto sau 240 a daƙiƙa. Farosesarta, wato guntun da ke gudanar da lissafinta, Intel Core i9 ce ta zubi na 13, mai ƙwayoyi 24, katin hotonta kuma Nvidia RTX 4080 na kwamfutar hannu, mai ƙwaƙwalwa gigabait 12. Ita kanta ta kusa kilo uku, cajarta mai ƙarfin wat 330 ta kusa kilo ɗaya, don haka sunan tafi-da-gidanka ya fi dacewa da siffarta fiye da nauyinta.

A nan akwai wani abu da masu saye da yawa ba su sani ba, kuma masu sayarwa ba su cika bayyana shi ba. Katin RTX 4080 na kwamfutar hannu ba shi ne RTX 4080 na kwamfutar tebur ba, duk da sunan ɗaya ne. Na tebur yana da ƙwaƙwalwa gigabait 16 kuma yana cin wat 320, na hannu kuwa an gina shi ne a kan ƙaramin guntu, kuma Nvidia ta bar wa kowane kamfani ya saita masa wuta tsakanin wat 60 da wat 150, da ƙarin wat 25 idan farosesa ba ta buƙata. Ma'ana, kwamfutoci biyu za su iya ɗaukar lamba ɗaya a kwali, ɗaya siririya mai ban sha'awa, ɗaya mai kauri, amma aikinsu ya yi nisa da juna. Ƙanena ya yi dace ya san wannan kafin ya aika da kuɗi, ya zaɓi mai kauri wadda katinta ke kaiwa wat 175. A ganina wannan zaɓi shi ne mafi hikima cikin duk abin da ya yi, domin kaurin nan wurin bututun jan ƙarfe ne da manyan fankoki, kuma su ne suka riƙe ta a bazara.

Ƙananan abubuwa biyu sun bayyana tun ranar farko. Kan cajar mai ƙafa uku ne irin na Ingila da Najeriya, bai shiga ramin bangonmu mai ƙafa biyu, sai da aka sayo mahaɗi mai ƙarfi, domin ɗan ƙaramin na kasuwa ya fara ɗumi cikin sa'a guda. Madannanta kuma jerin QWERTY ne, alhali mu a Nijar da AZERTY na Faransanci aka koya mana. Ga wasa wannan alheri ne, tunda yawancin wasanni a kan W da A da S da D aka tsara tafiya, amma ga rubuta takardar farashi da Faransanci, mai haruffa masu alama a kai, sai da hannunsa ya sake koyo.

Ba zan rage wa kwamfutar haƙƙinta ba. Makonnin farko, lokacin damina ta fara sauka gari ya ɗan yi sanyi, abin da ta nuna ya wuce yadda na zata. Ya kira ni wani dare ya ce, «Yaya, zo ka ga wani abu», ya buɗe wasan Cyberpunk 2077 ya kunna fasahar bin sawun haske, ya tsayar da ɗan wasan a bakin wani titi da ruwan sama ya jiƙa. Fitilun shaguna ja da shuɗi suna kwance a cikin kududdufin, kuma da mota ta gifta sai hasken ya karye ya sake haɗuwa daidai yadda yake yi a kan kwalta bayan ruwa. Ya juya linzami da sauri, hoton bai yanke ba, bai ja ƙafa ba. Washegari ya saka mata taswirar wani gidan bene da tsohuwar kwamfutarsa ta kwana a kai, ta gama kafin shayin da ya ɗora ya kai zagaye na biyu. Wanda bai taɓa jiran kwamfuta har asuba ba ba zai san daɗin wannan ba.

Wuta

An yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, kuma a farkon Agusta Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, a cikin takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga Najeriya yake zuwa, yankinmu na Maraɗi da Damagaram kuma ta layin da ya taso daga Katsina yake sha. Ba a ɗage takunkumin ba sai ranar 24 ga Fabrairun 2024. Kwamfutar ba ta cika wata uku a gidan ba ta faɗa cikin wannan zamani na rabon kuran unguwa-unguwa.

A nan ne ya gane abin da batirin irin wannan kwamfuta yake nufi. Ba a ƙera musu batir da ya wuce wat-awa 100, saboda nan ne iyakar da dokokin jiragen sama suka yarda fasinja ya shiga da shi ba tare da neman izini ba. To, na'urar da ke jan wat 250 zuwa 280 a tsakiyar wasa, batir mai wat-awa casa'in da wani abu ba zai iya ba ta wannan ƙarfi ba ko na minti ashirin da biyar. Saboda haka da zarar an zare caja ko an ɗauke kuran, sai ta rage wa katin hoto wuta da kanta, hoton da ke gudu lafiya ya koma tsalle-tsalle, kuma duk da haka cikin sa'a guda ko ƙasa da haka batirin ya ƙare. Idan rubutu ne ko duba taswira, aka kashe babban katin aka bar ƙaramin da ke cikin farosesa, takan kai sa'o'i huɗu. Ƙarfin da ya biya miliyan biyu dominsa yana jikin bango ne, ba ya cikin jaka.

Gurup ɗin gidanmu, wato injin ba da wuta, ƙarami ne, wutarsa tana hawa tana sauka, kuma ko da yake cajar tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, bai yarda ya jingina dukiyarsa a kansa ba, musamman lokacin tayarwa da lokacin da mai ya kusa ƙarewa. Sai ya koma ga hasken rana. Ya sayi faifan sola biyu, da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200, da inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta. Lissafin ba shi da wuya: batirin yana ɗaukar wat-awa 2,400 a rubuce, amma irin na dalma ne, wanda idan ana so ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, inbata kuma tana cin nata kason wajen juya wutar. Abin da ya rage ya ishi kwamfutar kimanin sa'o'i huɗu na aiki mai nauyi, idan ba a haɗa da fankar ɗaki ba, ita kuwa fankar ɗaki a Maraɗi ba a raba ta da komai. Wannan kayan sola ya ci masa wasu ɗaruruwan jika da babu su a lissafinsa na farko, ya kuma tilasta masa zaɓi kowane dare: ko ya fitar da hoton gidan Alhaji, ko ya yi wasa. Yawancin dare Alhaji ne ya ci.

Ƙura da zafi

Wannan shi ne babin da ya fi tsawo a rayuwar kwamfutar, kuma shi ne wanda babu mai bitar kwamfuta a Turai ko Amurka da zai faɗa wa ɗan Maraɗi. Duk wutar da ta shiga cikinta zafi take komawa. Mutum a zaune jikinsa yana fitar da zafin kimanin wat 100, saboda haka kunna ta a kan wasa daidai yake da ƙara mutum uku a ɗaki mai rufin kwano. Hanyar da take kore zafin ita ce fankoki biyu su zuƙo iskar ɗaki ta ƙasa, su hura ta cikin siraran faifan ƙarfe, ta fita ta baya da gefe. Iskar ɗakin ita ce ruwan wankanta ke nan. Idan iskar ta zo da zafi, babu wata dabara a ciki da za ta mayar da ita mai sanyi. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa a yi amfani da kwamfutarsu a wurin da bai wuce digiri 35 ba, gwaje-gwajen da ake gani a bidiyo kuma a ɗakuna masu digiri 21 ko 22 ake yin su. A Maraɗi, Afrilu da Mayu sukan haura digiri 40 da rana, ɗakin da ya sha rana kuma ba ya hucewa sai dare ya raba.

Bambancin digiri goma sha takwas tsakanin ɗakin gwaji da ɗakin ƙanena yana hawa kai tsaye a kan katin hoto da farosesa. Katin Nvidia na kwamfutar hannu yakan fara ja da baya idan ya kai digiri 87, farosesar Intel kuma iyakarta digiri 100. Ba ƙonewa suke yi ba, rage gudu suke yi domin su tsira, mai wasa kuwa abin da yake gani shi ne hoto ya fara sarƙewa bayan minti goma, fankoki suna kuka har ana ji daga tsakar gida, saman madannai ya yi zafin da yatsa ba ya son daɗewa a kai.

Kafin bazarar ma hunturu ya riga ya yi nasa aikin a ɓoye. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana sauke mana ƙura mai laushi wadda ke shiga ɗaki ko an rufe taga, kwamfutar kuma tana zuƙar ta sa'o'i da yawa kullum. Bazarar 2024, wadda ta zo da tsananin zafi a faɗin Sahel kuma ta haɗu da azumi, ta tarar da hanyoyin iskar a toshe. Ana cikin haka fankar hagu ta fara wata ƙara ta gurzawa, kwamfutar ta fara mutuwa da kanta a tsakiyar aiki.

Takardar garanti tana nan a kwali, amma wurin da za a karɓe ta yana wata ƙasa, kuma aika kayan miliyan biyu ta hannun mutane domin a jira watanni bai zama mafita ba. Na raka shi wurin wani dattijon mai gyara da ke kusa da babbar kasuwa, wanda ya fi shekara ashirin yana buɗe kwamfutocin ofisoshi. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukurorin bayan ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin da ya ciro su domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, ya zare igiyar batir kafin ya taɓa komai. Da ya ɗaga fankar, sai ga ƙura ta dunƙule tsakaninta da faifan ƙarfen, ja-ja, mai kauri, ya sa hantsaki ya ɗago ta gaba ɗaya ba ta wargaje ba. Ya ɗaga ta sama ya nuna wa ƙanena ya ce, «Yaro, ta ina kake so ta yi numfashi?» Ƙanena ya ce, «Baba, ai ko shekara ba ta yi ba.» Dattijon ya ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, abin da ke shaƙar iska haka a garin nan dole a buɗe shi kowane bayan ƴan watanni.

Wani abu da dattijon ya yi ya ƙara masa girma a idona. Da ƙanena ya nemi a ɗaga bututun jan ƙarfen a sabunta man da ke tsakaninsa da farosesa, sai ya ƙi, ya ce ya ji irin waɗannan ana zuba musu narkakken ƙarfe maimakon man da ya saba da shi, kuma shi bai taɓa aiki da shi ba. Gaskiya ya faɗa. Wasu kamfanoni suna amfani da wani haɗin ƙarfe mai galiyom wanda yake zama ruwa a zafin ɗaki, ya fi man gargajiya kwashe zafi, amma yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya idan ya zame kan allon ciki ya isa ya kashe kwamfutar. Mai gyaran da ya san iyakar saninsa ya tsaya a nan ya ceci miliyan biyu. Fankar da ta lalace babu irinta a Maraɗi, sai da aka yi saƙo Kano, kuma aka yi sa'a an buɗe iyakar Ɗan Isa da Jibiya a watan Maris na shekarar. Kusan wata guda yana aiki da fanka ɗaya a kan rabin ƙarfi kafin ta iso.

Daga nan ya canza yadda yake tafiyar da ita gaba ɗaya. Ya ɗaga bayanta a kan ƙarfe domin iska ta samu hanya, ya daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, yana rufe ta da ƙyalle idan ya kashe, ya koyi buɗe bayan da kansa yana share fankokin da buroshi mai laushi, yana riƙe da fiffiken kada iska ta juya shi fiye da kima. Ya sa manhajar HWiNFO yana duba zafin, ya ƙayyade wasa a hoto 60 ko 90 a daƙiƙa maimakon ya bar katin yana gudu iya ƙarfinsa, ya rage wutar farosesa, yana kuma kunna DLSS, fasahar Nvidia da ke zana hoto a ƙarami sannan ta faɗaɗa shi. Ya saita caji ya tsaya a kashi 80, domin batirin litiyom ba abin da ke tsufar da shi kamar zama cike a cikin zafi, ko da yake wannan ya zo a makare, batirin ya riga ya yi rauni. Aiki mai nauyi kuma ya mayar da shi bayan sallar asuba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da ya rage mata wuta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, abin da ido ke gani bai ragu sosai ba, amma ƙara da zafi sun sauka ƙwarai. Sai dai a faɗi gaskiya, fuskar da ke iya hoto 240 a daƙiƙa watanni da yawa na shekara a kan 60 take zaune.

Intanet, da mutanen gida

Manyan wasannin kwamfuta na yau ba a faifai suke zuwa ba, sauke su ake yi daga shaguna irin su Steam, kuma girmansu ya wuce hankali: Red Dead Redemption 2 yana neman wurin gigabait 150, EA Sports FC 24 yana neman 100. Gigabait 100 a layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa yana ɗaukar sama da sa'o'i 22 idan bai yanke ba, ga kuɗin data, ga gyare-gyaren da kamfanoni ke turowa waɗanda wani lokaci wasan ba ya buɗewa sai an sauke su. Ya koma jiran garaɓasar dare, wasa ɗaya yana cin darare da yawa. Abokansa sun kawo masa faifan ajiya cike da wasannin da aka fasa, ya ƙi sakawa, kuma na goyi bayansa, domin ban da haƙƙin masu su, kwamfutar da taswirar mutane ke ciki ba wurin gwada manhajar da ba a san wanda ya taɓa ta ba ce.

Wasan gasa da mutanen wasu ƙasashe shi ne burin da bai cika ba, kuma ba laifin kwamfutar ba ne. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai igiyoyin ƙarƙashin ruwa, sabobin wasanni, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa ƴan wasa, kuma yawanci a Turai suke ko Afirka ta Kudu. Daga Maraɗi zuwa Paris kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, haske a cikin igiyar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa ba zai taɓa yin ƙasa da milidaƙiƙa 40 ba, hanyar gaskiya kuwa ba a miƙe take ba, jinkirin da yake gani ya ninka wannan sau uku ko huɗu. A wasan harbi, wanda ke zaune a Frankfurt ya riga ya gan shi ya harba kafin hotonsa ya iso. Shigowar Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, Nijar a 2025 ya sa wasu abokansa sun haɗa kuɗi sun sayi faranti ɗaya, can yake zuwa sauke manyan wasanni yanzu, amma shi ya riga ya karkata ga wasannin labari da ake yi mutum ɗaya, da ƙwallo da abokin zama a gefe.

Ƙwallon ce ta mayar da ɗakinsa rabin fada. Da yamma samari sukan taru da abin riƙewa biyu da butar shayi, kuma sai da ya kafa doka cewa ba a kawo kofi kusa da tebur, ba a taɓa ta idan ba ya nan, ana kiran sallah kuma a rufe. Wasu sun ji haushi, an ce ya yi kuɗi ya canza. Fita da ita ma damuwa ce: babur ya tafi a cikin kuɗinta, saboda haka a bayan ɗan kabu-kabu yake rungume da jaka mai kilo huɗu idan zai kai wa mai gini hoto, ya kuma zaɓi tsohuwar jaka da ba ta jan ido. Mahaifinmu ya daɗe yana kiranta abin wasa, yana cewa da kuɗin nan da an sayi fili a bayan gari. Bai sauko ba sai ranar da wani abokinsa na kasuwa ya zo har gida, ya zauna ƙanena ya zagaya da shi cikin gidan da bai gina ba tukuna, ɗaki bayan ɗaki, har mutumin ya ce a matsar da ƙofar ɗakin girki domin kada baƙi su riƙa hango mata daga zaure. Bayan tafiyarsa mahaifinmu ya ce da ni, ba da shi ba, «Ashe yaron nan aiki yake yi.» Duk da haka akwai lokacin da ni kaina na yi masa magana a kan kwanan zaune, domin watannin farko wasa ya ci barcinsa har ya fara saɓa alkawarin masu aiki, kuma wannan haɗari ne na gaske ga duk wanda kayan sana'arsa da kayan nishaɗinsa suke cikin akwati ɗaya.

Idan aka zo ga lissafi, kwamfutar ta biya kanta, amma ta hanyar gine-gine ta biya, kuma ta ɗauki lokaci fiye da yadda ya tsara, saboda sola da inbata da fanka da data sun ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan kuɗin saye. Ra'ayina shi ne, da wasa kaɗai yake so, da PlayStation 5 da talabijin mai kyau sun ba shi mafi yawan wannan daɗi a kan ƙasa da rabin kuɗin. Da kuma aikinsa a ɗaki ɗaya yake, da kwamfutar tebur ta fi masa, domin akwatinta yana da fili, fankokinta manya ne kuma ana samun irinsu a kasuwa, abin da ya lalace a ciro shi a sa wani, alhali a tasa katin hoto da farosesa a liƙe suke da allon ciki, in ɗaya ya mutu duka sun mutu. Abin da ya halatta masa ta hannu shi ne buƙatar kai hoto gaban mai gini, da kuma batirin da ke hana aiki salwanta lokacin da kuran ya tafi ba sallama, wanda a garin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Nvidia ta fitar da jerin RTX 50 a 2025, kuma tun daga lokacin darajar tasa a kasuwa take sauka. Wani ya taya ta a kan abin da bai kai rabin kuɗinta ba, ya ƙi, domin masu iya biyan irin wannan kuɗi a Maraɗi sabuwa suke so, masu son ta hannu kuma ba su da shi. Ya gama biyana bashin da na ba shi, ya sake sayen babur, ya ajiye fanka guda ta ko-ta-kwana a cikin kwalin kwamfutar. Kuɗin da yake tarawa yanzu na silin ne da ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarin faifan solar da za su ɗauke ta, yana so ya gama haɗa su kafin watan Maris.